Na aje alli a Tawa, ina zan kai sauran ƙarfina?

Tsohon Mushe

Assalamu alaikum ƴan uwa. Bana na aje alli bayan shekara talatin da ƴan kai ina karantarwa a lakwal firamare, takwas na ƙarshe ina darakta. A Tawa nake zaune, wajen Bilbis. Jiki da sauran ƙwari, alhamdu lillahi, in ban da hawan jini da nake shan maganinsa. Wata huɗu ke nan daga masallaci sai gindin dogon yaro, daga gindin dogon yaro sai masallaci, kuma hirar ba ta sakewa: tsadar hatsi da wanda ya rasu. Ina son aikin sa kai da zai amfani mutane. Ba kuɗi nake nema ba, amma ba na son wanda zai cinye ɗan fanshon da nake riƙe gida da shi. Ina ake farawa? Ƙungiyoyin nan masu zaman kansu, ONG, suna karɓar tsoho? Wace takarda ake kaiwa? Uwargida ma baɗi za ta bar aiki, sakatariya ce, ita ma tana tambaya.

Ɗan Adar

Wa alaikumus salam Baba Darakta, Allah ya sa an aje a sa'a.

A fara raba abu biyu da Hausa ta haɗe cikin "sa kai", don a ofis ba ɗaya ba ne. Akwai wanda Faransanci ke kira volontariat: ana sa hannu a kwantiragi, akwai wa'adi, akwai ɗan alawus duk wata, kuma yini cikakke ake so. Hukumar ANVD da aka kafa a 2014 ce ke riƙe da wannan a ƙasa, kuma galibin masu kai dosiye can matasa ne da suka gama karatu aiki bai samu ba. Na biyu shi ne bénévolat: ba albashi, mutum shi ke yanka wa kansa awoyi. Abin da kuka bayyana na biyun ne. In kuka shiga ofis kuka ce volontariat kuke nema, za a ɗauka gurbin aiki kuke so, a karɓi takarda da ladabi a sa a durowa. In kuma wata rana aka yi muku tayin kwantiragi mai albashi, ku leƙa CARENI, asusun fanshon ma'aikatan gwamnati, ku tambayi makomar fanshonku kafin ku sa hannu. Waɗanda suka yi aiki a kamfani su tambayi nasu asusun, CNSS.

Manyan ONG kuwa, kada ku ɓata takalmi. Ba raini ba ne. Kowane mutum da zai hau motarsu sai yana da layi a kasafi, da inshora, da izinin fita. Wanda ba shi a kasafi ba su da inda za su rubuta shi, shi ya sa amsar kullum "za mu kira ku". Aikinsu ma yawanci a ƙauyuka yake, bisa hanya, wasu wurare kamar Tiliya da Tasara suna cikin dokar ta-ɓaci tun 2017. Ba wurin dattijo mai hawan jini ba ne.

Ku auna da ƙafa. Duk abin da yake cikin tafiyar minti goma sha biyar daga ƙofar gidanku, nan ne filinku: lakwal, likitar unguwa, masallaci, zauren mai unguwa. Kuɗin hanya ne ke kashe aikin sa kai, ba lalaci ba. A ce kabu-kabu dala arba'in zuwa, dala arba'in dawowa, sau uku a mako. Jika ɗaya da dala arba'in ke nan a mako, wajen jika biyar a wata. Wata na farko mutum ba ya ji, wata na uku uwargida ta fara lissafi.

Mako biyu na farko kallo da tambaya kawai. Ku fara da gaida mai unguwa ku faɗa masa niyyarku, don duk wanda ya tara yara ko mata a unguwa ba da saninsa ba, magana za ta biyo. Sannan ku je wurin da kuka zaɓa da tayi guda ɗaya mai iyaka: aiki kaza, rana kaza da kaza, daga ƙarfe kaza zuwa kaza, na wata uku. "Na zo in taimaka da duk abin da ake so" ita ce maganar da ta fi jefa mutum cikin wahala. Gobe a ba ku maɓallin sito, jibi a aike ku taro.

Takardu ba su da yawa: wasiƙa shafi ɗaya da hannu, hoton katin ɗan ƙasa, hoton takardar ritaya. Wasu wurare, musamman inda ake aiki da yara, suna neman kaziye, takardar kotu mai nuna ko an taɓa hukunta mutum. Kada ku karɓo shi sai an nema, wata uku kawai yake aiki. Kuma duk saƙon WhatsApp da ya ce ana ɗaukar ƴan sa kai amma a fara aiko kuɗin dosiye, ɓarawo ne.

Malamar CE1

Baba, sannunku da hutawa. Ni dai ina ganin abin da kuke nema yana hannunku. Abin da ya fi ƙaranci a unguwanninmu shi ne wanda ya iya koya wa yaro karatu daga tushe kuma yana da lokacin zama da shi. A kowane aji daga CE1 (aji uku) zuwa CM1 (aji biyar) akwai yaran da ke kwafar tablo tsaf da rubutu mai kyau, amma in aka nuna musu kalma ɗaya daga abin da suka kwafa sai su yi shiru. Malami mai yara saba'in ko tamanin ba zai koma baya dominsu ba.

Kun fi ni sanin CGDES, kwamitin kula da lakwal, wanda har yanzu kowa ke ce wa COGES, tun da a jiharmu ta Tawa aka fara gwada tsarin zaɓensa da shirin aikinsa a 2004 da tallafin Japan. Amma yanzu daga waje za ku shigo, kuma ƙofar daban take. Kada ku zaɓi lakwal ɗin da kuka shugabanta. Malamai za su riƙa kawo muku ƙara, iyaye su tsallake sabon darakta su zo wurinku, shi kuma ya ga an dasa masa kishiya. Ku ɗauki ta gaba da ita. Ku ga darakta shi kaɗai tukuna, shi ya kai maganar ga kwamiti, a faɗe ta a babban taron iyaye, a rubuta ta cikin shirin aikin shekara, a sanar da sufeto. In tana rubuce, ranar da aka sauya darakta aikin ba ya mutuwa.

Za a roƙe ku ku riƙe aji saboda wani ɗan kwantiragi bai zo ba. Ku ƙi, da murmushi. In kuka riƙe, gurbin ya rufe a idon hukuma, ba za a turo kowa ba, kun kuma koma aikin da kuka bari ba albashi.

Ga yadda rukunin karatu ke tafiya. A gwada yara ɗaya ɗaya, minti uku zuwa biyar kowane, a wuri mai shiru. Mataki biyar ne: bai san baƙaƙe ba, ya san baƙaƙe, yana karanta kalma, yana karanta jimla uku ko huɗu, yana karanta ɗan labari ya faɗi abin da ya ji. A fara da jimlolin. In ya kasa a sauka, in ya iya a hau. A haɗa yara bisa matakinsu, ba bisa ajinsu ba, ko da ɗan CM1 zai zauna da ɗan CE1. Ku ɗauki matakai biyu na ƙasa, yara 15, in an matsa 20. Zama uku a mako, awa ɗaya da kwata: minti goma ku karanta musu labari ku yi hira a kansa, ashirin na baƙaƙe da gaɓoɓi da kati, ashirin na rubutu a ƙaramin allo kowa ya ɗaga a gani, ashirin na lissafi, sauran na kiran suna da tattara kaya. Katin daga kwalin sukari ko na sabulu ake yanka shi, faɗin tafin hannu, baƙi ɗaya a kowane. Lissafi da tsinken kara: a ɗaure goma goma da roba, yaro ya kwance dami da hannunsa in zai cire 7 daga 32. Wanda ya kwance dami sau goma ya gane aro, ba sai an rera masa ba.

Ku fara da Hausa, mako shida zuwa takwas. Rubutun Hausa abin da aka ji shi ake rubutawa, yaro na saurin gane cewa baƙi da wasali ke haɗuwa su ba da gaɓa. Faransanci kuwa o da au da eau duk sauti ɗaya ne, yana rikita mai farawa. Azuzuwan gaggawa na wata tara da ake yi wa yaran da suka wuce shekarun shiga lakwal ma haka suke yi, wata biyu na farko da harshen gida. Wurin tsallakawa ne ake tuntuɓe: u na Hausa shi ne ou, sh shi ne ch, c ɗinmu kuwa ba ruwansa da c ɗinsu. A keɓe wa waɗannan zama na musamman. Wasu iyaye za su ce "Hausa muka kawo shi ya koya?" A yi musu bayani a taro tun kafin a fara, kada a bari sai sun janye yaro.

Bayan mako shida a sake gwaji. Wanda ya hau ya tafi, a ɗauko wani. Kaye ɗaya ya isa rajista: suna, mataki a farko, mataki yanzu, ranakun zuwa. Wanda ya yi fashi biyu a jere a leƙa gidansu.

Lokaci shi ne wuyar aikin. Kada ku yi karo da makarantar allo, ba za ku ci ba, kuma bai kamata ba. Alhamis allo na hutu, sai a haɗa da safiyar Asabar da wata rana ɗaya da malaman allo suka yarda. Lahadi kasuwar Tawa ce, rabin yaran suna can. Ƴan mata ana tashinsu talla da ɗibar ruwa da marece, don haka ku zauna da matan AME, ƙungiyar uwayen ƴan lakwal, su zaɓi awa da kansu, in ba haka ba rukunin zai zama na maza zalla. Oktoba yara da yawa suna gona, farkon Nuwamba ya fi.

Abin da ke ɓata shi: yara 20 su zama 60 cikin mako biyu saboda kowace uwa ta turo nata har da na goye. Sunan da ba ya cikin kaye ba ya zama, ko jikan liman ne. Sai malaman da ke yin kur, wato ƙarin darasi na kuɗi, da marece, waɗanda za su ga kuna karya musu kasuwa. Ku bar musu ƴan CM2 (aji shida) da masu shirin jarrabawar BEPC ta kwaleji, naku waɗanda ba mai biya musu ne. A yi zaman cikin lakwal, ƙofa buɗe, ba a gidanku ba. Ba bulala, ba aiken yaro, ba zama da yaro ɗaya a ɗaki. In ajin zana ne ku duba mafita biyu, kuma kada mai tuya ta hura wuta kusa. Gobarar azuzuwan zana ta Yamai da ta Maraɗi a 2021 kowace ta ci yara ashirin ko fiye.

Tsohon Mushe

Madalla ɗiyata, Allah ya yi albarka. Maganar kishiya ta shige ni, don can na yi niyyar komawa. To allo da alli wa zai saya? In iyaye suka kawo ɗan goro fa, a karɓa? Kuma ba a ce komai kan uwargida Hajiya ba.

Malamar CE1

Kwamiti zai saya, Baba, shi ya sa aka sa aikin cikin shirin shekara: ƙananan alluna 20, kwalin alli biyu, tabarma uku, randa ko bido na ruwan sha. In kuka saya da kuɗinku karo na farko, kun saya ke nan har abada. Goron iyaye kuwa, in kuɗi ne a kai wa ma'ajin kwamiti a rubuta. Ranar da kuka karɓi dala ashirin daga hannun uwa ɗaya, wadda ba ta da shi za ta ji kunya ta tsare ɗanta a gida.

Majo

Mushe, barka da hutawa. Maganar Hajiya ce ta kawo ni. Ba sai ta yi karatun likita ba. Mace mai shekaru, wadda ta iya rubutu kuma ana buɗe mata ƙofar kowane gida, a CSI, wato likitar unguwa, ta fi zinariya. Nan Adar magidanta da yawa suna bida, Abijan ko wani wuri, mata ne ke yanke shawarar kai yaro likita, kuma matashi namiji ba ya wuce zaure.

Ta je ta ga majo, wato shugaban CSI na unguwarku, ba da safe ba lokacin layi, wajen ƙarfe ɗaya. Kada ta nemi shiga cikin masu rabon magani na kamfen. Waɗannan ana ba su perdiyam, ɗan kuɗin yini, matasan unguwa na jiransa, in ta shiga ta cire wa wani abinci a baki kuma za a yi ta da ita. Akwai aikin da ba mai biya, saboda haka ba mai yi, kuma shi ne mai ceton rai.

Na farko maganin rigakafin zazzaɓin damina, CPS. Ana ba yara daga wata 3 zuwa wata 59, yawanci zagaye huɗu daga Yuli zuwa Oktoba, kwana 28 tsakani. Kowane zagaye na kwana uku ne. Ranar farko masu rabo ke bayarwa a gabansu, ƙwaya biyu. Na rana ta biyu da ta uku a hannun uwa ake bari, kuma nan ne ake zubar da aikin: a manta, ko a aje sai yaro ya yi zazzaɓi, ko a raba wa wansa da ya wuce shekara biyar. Maganin da ba a cika ba kariyarsa ba ta kai wata. Hajiya ta ɗauki gida 20 zuwa 25, ta zaga su rana ta biyu da ta uku, ta ce a nuna mata fankon maganin, ta duba kati. Yaron da ya yi amai nan take bayan sha, ko ƙuraje suka feso masa, ko jikinsa ya yi zafi, ta tura CSI. Ita ba ta ba da magani, ko parasitamol ne.

Na biyu awon tamowa da ɗan zaren nan mai launi uku, ga yara daga wata 6 zuwa 59. Hannun hagu, a tuɓe riga. A lanƙwasa gwiwar hannu a nemo tsakiya tsakanin ƙashin kafaɗa da gwiwar, sannan a saki hannun ya sauka, a zagaya zaren ya kwanta bisa fata. Ja, ƙasa da milimita 115, tamowa mai tsanani ce, yau za a kai shi. Ruwan ɗorawa, 115 zuwa 125, a kai cikin makon. Kore lafiya. Kuskuren da aka fi yi shi ne jan zaren da ƙarfi, sai yaro mai lafiya ya faɗa ja. Ko a auna hannu a lanƙwashe, mai tamowa ya fito kore. Sai kumburi: a danna bayan ƙafafu biyu da manyan yatsu, a ƙirga daƙiƙa uku, a ɗaga. In rami ya tsaya a ƙafa biyun, a kai shi ranar, ko da zare ya nuna kore. Iyaye kan ɗauka ƙiba ce. Abin da ya fi awon kansa shi ne ta koya wa uwaye su riƙa yi da hannunsu, sannan ta bi sawun waɗanda aka sa a shirin abincin gyaɗar nan na maganin tamowa, don ana raba shi da sauran yaran gida ko a kai kasuwa, yaro ya yi wata biyu bai motsa ba. Tun 2006 doka ta ce duba yaro ɗan ƙasa da shekara biyar kyauta ne. Wani lokaci magani na yankewa a rubuta a saya, gara ta faɗa wa uwa haka tun a gida.

Tun da sakatariya ce, rajistar rigakafi ma na jiranta: a fitar da sunayen yaran da suka sha allurar farko ba su dawo ba, a bi su. Sharaɗi ɗaya, abin da ta gani a rajista ko a gidan mutane ba ya zuwa wurin biki.

Ɗan Adar bai ambaci Croix-Rouge ta Nijar ba, kuma ita daban take da manyan ONG: tun 1963 da ƴan sa kai take aiki, tana da kwamiti a Tawa, tana koyar da agajin farko. Kada a haɗa ta da CICR, kwamitin Croix-Rouge na ƙasa da ƙasa, da hukuma ta sallama a farkon 2025. Ku biyun ku yi wannan horon, ko don ranar da yaro zai faɗi a gabanka.

Kai kuma Mushe, Afrilu da Mayu zafi na wuce 40. Mai shan maganin hawan jini ba ya yawo tsakanin sha ɗaya da la'asar. Da azumi a rage zama ko a maida shi safe.

Na Gandun Daji

Kowa ya ja Mushe ya koma aji, alhali wataƙila ƙurar alli ta ishe shi. Ga wata ƙofa. Duk 3 ga Agusta ana dasa itace a lakwal da masallatai da bakin hanya, a ɗauki hoto, kafin watan Maris sai ramuka. Ba iri ne ya rasa ba, mai bi ne babu. Ƙasar da ta ga shingen dogon yaro na kwarin Majiya tun 1975, ta ga aikin Keita tun 1984, ba sai an koya mata amfanin itace ba.

Itace 20 da suka rayu sun fi 200 na hoto. Rami santimita 40 faɗi, 40 zurfi, a haƙa tun kafin ruwa ya zauna, a cuɗa ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki. Ɗanyen taki na ƙone saiwa. A yanke ledar a cire ta gaba ɗaya. Da yawa da ledarsu ake binne su, saiwa ta yi ta zagaye a ciki har ta shaƙe. A bar ɗan kwano a gindi don ruwa. Kariya tun ranar dashe, ba gobe ba, akuyar Tawa ba ta jiran taron kwamiti: ƙaya, ko tubali a jera da tazara, ko waya in da hali. Daga Nuwamba zuwa saukar ruwa, bokiti ɗaya sau biyu a mako, rani biyu a jere. Kowane itace a ba yara biyu, a rubuta sunansu. Dogon yaro don inuwa, zogale kusa da famfo, aduwa da magarya inda ruwa ke wuya.

In kuma kana da gona a bayan gari, aikin tassa, ramukan shuka masu tare ruwa, na son mai awo da rubutu. A kan faƙo ake yin ta, ba a jigawa ba, don rairayi na cike ramin da iskar farko. Faɗi santimita 20 zuwa 30, zurfi 15 zuwa 20, taki tafi biyu, ƙasar da aka fitar a tara ta gefen gangare don ta tare ruwa, layi na biyu ya faɗa tsakanin ramukan na farko. In tazara mita ɗaya ce, rami 10,000 ke nan a hekta ɗaya. Mutanen Illela da Badagishiri sun farfaɗo da faƙo mai yawa da ita tun ƙarshen shekarun 1980. Rabin wata kuma, kunyar ƙasa mai siffar jinjirin wata da ake yi don tare ruwa, bakinsa na kallon tudu. In aka juya shi ko aka kauce wa layin daidaito, ruwan farko zai fasa kunyar ya tafi da ita. Kai igiya da kaye ne naka, wanga aiki na diga na samari ne.

Magatakarda

Ranka ya daɗe Darakta. Akwai aikin da ya haɗa ku da Hajiya, kuma ku kun san zafinsa: yaron da ya kai CM2 ba shi da takardar haihuwa. Dokar 2019 ta ba da kwana 60 a bayyana haihuwa, kyauta. In wa'adin ya wuce sai an bi ta hannun alƙali ya yanke hukuncin da zai maye gurbinta, da shaidu. A kan shirya zaman kotu na tafi-da-gidanka don irin waɗannan, amma ranar da alƙali ya zo sai a tarar ba a tara sunaye ba, shaidu suna kasuwa, rabin yaran su wuce. Aikin shi ne a bi aji aji tun daga CI, ajin farko, a fitar da marasa takarda, a rubuta sunan yaro, na uba, na uwa, wuri da shekarar haihuwa, a kai jerin ga ofishin magajin gari na komin ɗinku, ta ɗaya ko ta biyu. A kula da rubutun suna: yadda aka rubuta a rajistar lakwal haka za a rubuta a ko'ina. In rubutun ya bambanta, Mahamadu nan Mamane can, yaro zai sha wuyarsa ranar jarrabawa ko ranar neman katin ɗan ƙasa. Wata matsalar kuma, an bayyana haihuwar a likita amma ba wanda ya koma ya karɓo takardar, tana nan jibge a ofis. Wannan Hajiya za ta iya warware shi da jeri ɗaya da zuwa biyu.

Abokai za su ce ku kafa ƙungiyar tsofaffin ma'aikata ku nemi tallafi. Kada ku yi gaggawa. Dokar ƙungiyoyi ta 1 ga Maris 1984 na neman kundin tsari, dokar cikin gida, rahoton taron kafawa da sunayen shugabanni, a ajiye a jira amincewar ministan cikin gida, kuma in ONG ce ka'idojin sun ƙara tsauri tun 2022. Shekara za ta tafi a rabon muƙami ba a koya wa yaro ko baƙi ɗaya ba. Ku yi aiki ƙarƙashin inuwar da take tsaye: kwamitin lakwal, kwamitin likita, kwamitin masallaci.

Da yake ana ganin ku da mutunci, muƙamin farko da za a miƙo muku shi ne ma'aji. Ku ce a ba ku mai binciken lissafi ko marubuci. In dole ta sa, to sa hannu biyu kafin a fitar da ko dala, rasidi a kan komai, a karanta lissafi a bainar jama'a duk wata uku, kuma kuɗin jama'a ba ya kwana a ɗakinku. Dattijo ya yi shekara talatin yana tara suna, jika goma da ba a ga rasidinta ba ta isa. Haka rabon kayan agaji: ku taimaka da rubuta jeri in an nema, amma zaɓen wanda zai samu a yi shi a taro gaban mai unguwa. Wanda bai samu buhu ba, sunan mai riƙe da biƙ yake tunawa.

Tsohon Mushe

Allah ya saka da alheri baki ɗaya. Alhamis in sha Allahu zan gaida mai unguwa, Litinin in ga daraktan lakwal ɗin bayan kasuwa. Majo, Hajiya na tambaya ko za ta iya fara awon da tef ɗin ɗinki da take da shi.

Majo

A'a, ta bar wa ɗinki kayansa. Tef ɗin tela na miƙewa, kuma bambancin ja da ruwan ɗorawa ƴan milimita ne. A CSI za a ba ta na gaske, kyauta. Ta ce majo ya sa ta auna yara goma a gabansa ranar awo, shi ma ya auna su, a gwada lambobin. In tazarar ba ta wuce milimita biyu ba, sai ta shiga gidaje.